Me ya sa Chardonnay ta yankuna masu sanyi take fita daban?

Tambaya daga Ɗalibar Dijon

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ni 'yar Damagaram ce, ina karatun harkar otal da gidajen cin abinci a birnin Dijon na ƙasar Faransa, kuma daga cikin darussan da aka wajabta mana har da sanin giyar inabi, domin a wannan ƙasa duk wanda zai tsaya a kan teburin baƙi sai an tambaye shi wadda ta dace da kifi da wadda ta dace da kaza. Ni ba na sha, makarantar ma ba ta tilasta wa kowa ya kai kofi bakinsa, saboda haka da karatu da sauraro nake neman cin jarrabawar.

Inda na cije shi ne batun Chardonnay, wato wani irin inabi da farar giyar da ake yi da shi. An koya mana cewa irin inabi ɗaya ake nomawa a Chablis, wani yanki mai sanyi a nan Faransa, da kuma kwarurukan Kalifoniya masu zafi, amma idan aka zo siffanta giyar sai mutum ya rantse abubuwa biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Ta Chablis a ce lemun tsami da ɗanyen tuffa da ƙanshin dutsen ƙyastu, ɗayar kuma a ce abarba da man shanu da banila. Ina roƙon wanda ya san abin ya fayyace mini abin da sanyi yake yi wa ƙwayar inabi har ta fito da wannan hali, sannan a cikin waɗannan siffofi wanne ne aikin yanayi, wanne ne kuma aikin mai haɗa giyar.

Amsa daga Malamin Gona

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ta gefen shuka zan amsa miki tunda nan ne fannina, in bar maganar ɗanɗano ga masu aikinsa.

Ƙwayar inabi tun tana kore, kafin ta fara nuna, cike take da tsami iri biyu. Na farko shi ne asid ɗin da ake kira tartarik, wanda shi ne dai yake ba tsamiya tsaminta, na biyu kuma malik, wanda aka fi sani a ɗanyen tuffa. Da zarar ƙwayar ta fara laushi sai ganye ya riƙa tura mata sukari, ita kuma ta juya ta riƙa ƙona malik ɗin a matsayin makamashin numfashinta, kuma saurin wannan ƙonawa zafi ne yake juya shi. Idan rana ta yi ƙuna kuma dare bai huce ba, malik yakan zube cikin ɗan lokaci, sukari ya taru da gaggawa, manomi ya rasa yadda zai yi sai girbi. Inda dare yake yin sanyi kuwa numfashin ƙwayar yana lafawa, sukari yana hawa a hankali, tsamin kuma yana nan daram har ranar da za a yanke inabin. Wannan jinkirin nuna shi ne tushen duk abin da malaminku yake faɗa game da lemun tsami da tuffa.

Sukarin nan kuma shi ne yis yake ci ya mayar barasa, kuma kusan giram 17 a kowace lita ke ba da kashi 1 cikin ɗari. Shi ya sa Chardonnay ta wuri mai sanyi takan tsaya tsakanin kashi 12 da 13, ta wuri mai zafi kuma ta kai 14 ko ta haura. Ki lura da abin da doka ta yarda kowane ɓangare ya yi don cike giɓinsa, domin yana nuna inda matsalar kowa take: a Bourgogne, yankin Faransa da Dijon da Chablis suke ciki, idan shekara ta zo da ƙarancin rana, an yarda a ƙara sukari a ruwan inabin kafin ya tsimu, dabarar da ake jinginawa ga masanin kimiyya Jean-Antoine Chaptal, a yankuna masu zafi kuwa asid ɗin tartarik suke sayowa su zuba.

Kada kuma kalmar sanyi ta kai ki ga tunanin ƙanƙarar watan Janairu, domin a lokacin kuringar inabi barci take yi, ba ganye ba toho. Abin da ake aunawa shi ne matsakaicin zafin watannin da take aiki, wato daga Afrilu zuwa Oktoba a arewacin duniya, kuma wasu masana suna kiran wuri mai sanyi idan wannan matsakaici ya tsaya tsakanin digiri 13 da 15, wasu kuma su ja iyakar har 16 da rabi. Wani wurin nisansa daga tsakiyar duniya ne ya ba shi wannan sanyi, kamar Chablis da Champagne da kudancin Ingila. Wani kuma teku ce, kamar kwarin Casablanca da na Limarí a ƙasar Chile, inda igiyar ruwan Humboldt mai sanyi take bin gaɓa, ko gaɓar Sonoma a Kalifoniya da hazo yake lulluɓewa da safe. Akwai kuma na tudu, tunda duk hawan mita 100 yana rage kusan digiri 0.6. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗauki Kalifoniya duka a matsayin wuri mai zafi, yana da kyau ki kiyaye wannan a jarrabawa.

Abu na ƙarshe shi ne halin inabin kansa. Muscat da Sauvignon Blanc suna da ƙanshi mai ƙarfi na kansu wanda duk inda aka kai su sai ya bayyana, Chardonnay kuwa ƙanshinsa kaɗan ne, don haka wurin da aka noma shi da hannun da ya sarrafa shi su ne suke fitowa fili. A shekarar 1999 masu bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Davis, tare da takwarorinsu na Faransa, suka gano ta hanyar gwajin ƙwayoyin gado cewa iyayensa su ne Pinot da Gouais Blanc. Shi Gouais ɗin nan inabin talakawa ne da manyan masu gonaki suka daɗe suna rainawa, ga shi kuwa ɗansa ne ake nomawa a Montrachet, gonar da ba ta wuce hekta 8 ba amma farar giyarta tana cikin mafi tsada a duniya.

Amsa daga Ɗan Jos a Cape Town

Sannu ƙanwata. Ni Kirista ne, aikina kuma a wani gidan cin abinci a nan Cape Town shi ne zaɓen giya da ba baƙi shawara, don haka ɗanɗanawa sana'ata ce. Malam ya gama da gona, bari in ɗauka daga kofi.

Idan aka zuba Chablis mai shekara biyu ko uku, launinta fari ne mai ɗan ratsin kore, kuma ƙanshinta ba ya tasowa ya tarye ki, sai kin kai hanci kin saurara kafin ki ji ɓawon lemun tsami da tuffa da wani abu mai kama da jiƙaƙƙen alli. A baki babu zaƙi ko kaɗan. Abin da yake fara faruwa shi ne yawu ya tsinko daga gefen harshe biyu, ruwan ya wuce siriri ba tare da ya cika baki ba, bayan an haɗiye kuma a bar mutum da wani ɗanɗano gishiri-gishiri wanda yake daɗewa. Wannan daɗewar ita muke dubawa wajen raba mai kyau da marar kyau, domin ba kowace giya mai tsami ce ta isa a yaba ba. Inabin da aka bar wa kuringa 'ya'ya fiye da ƙarfinta, ko aka yanke bai nuna ba, giyarsa tsami ne tsagwaronsa, da an haɗiye shi ke nan. Mai kyau ita ce wadda tsamin yake da nama a bayansa, wato inabin ya nuna sosai amma bai rasa kaifinsa ba, kuma samun waɗannan biyu a ƙwaya ɗaya shi ne abin da ake biyan kuɗi a kansa.

Man shanu da banila da kika ambata kuwa babu ruwan rana da su, a ɗakin haɗa giya ake samar da su. Bayan yis ya gama aikinsa akwai tsimuwa ta biyu wadda wasu ƙwayoyin bakteriya suke yi, su mayar da malik mai kaifi zuwa laktik mai laushi, irin tsamin da ke cikin nono. A cikin wannan aiki ne suke fitar da wani sinadari mai suna dayasetil, wanda shi ne ainihin ƙanshin man shanu. Abin da ɗalibai da yawa suke kuskurewa shi ne zaton cewa ba a yin wannan tsimuwa a Chablis. Ana yi, mafi yawan fararen giyar Bourgogne suna bi ta cikinta, in ba haka ba tsaminsu zai yi wuyar sha. Bambancin shi ne ana barin giyar watanni a kan diddigar yis ɗin da ta kwanta a ƙasa, yis ɗin kuma yana shanye mafi yawan dayasetil, sai a sami laushin ba tare da ƙanshin ya mamaye komai ba. Wasu suna sa sanda su riƙa motsa diddigar lokaci-lokaci don giyar ta ƙara kauri, wasu kuma sun rage yin haka saboda iskar da take shiga.

Banila da kanumfari da ƙanshin gasasshen burodi daga ganga suke zuwa. Gangar Bourgogne ta itacen oak ce mai cin lita 228, ana gasa cikinta da wuta lokacin ƙera ta, kuma sabuwa ce take ba da ƙanshi mai ƙarfi, wadda ta yi shekara huɗu ko biyar tana aiki kuwa kusan iska kawai take bari ta ratsa. A Chablis da yawa tankin ƙarfe marar tsatsa suke amfani da shi, wasu kuma tsofaffin ganguna, har da ƙaramar gangarsu ta gargajiya mai lita 132. Ni dai ban ga laifin oak ba. Giyar da take da tsami mai ƙarfi tana iya ɗaukarsa ya narke a cikinta bayan 'yan shekaru, wadda tsaminta ya yi ƙasa kuwa ita ce yake dannewa har ta koma kamar alewa. Irin wannan ce ta cika kasuwa a shekarun 1980 da 1990, daga Kalifoniya da Ostireliya, har mutane suka gundura suka riƙa cewa a ba su kowace giya ban da Chardonnay. Har yau ina samun baƙon da zai ce mini ba ya shan Chardonnay, sannan ya nemi Chablis, saboda Faransawa sunan gari suke rubutawa a kwalba, ba sunan inabi ba.

Ɗalibar Dijon ta sake rubutawa

Na gode Malam, na gode Yaya, Allah ya ƙara sani. Saura ƙanshin dutsen ƙyastu da gishirin da Yaya ya ambata. A aji an nuna mana wani dutse daga Chablis mai ɗauke da ƙananan ɓawon kawa, aka ce daga nan ɗanɗanon yake fitowa. Shin saiwa tana iya jan ɗanɗanon dutse ta kai shi cikin ƙwayar inabi?

Amsa daga Mai Nazarin Duwatsu

Malama, dutsen da aka nuna muku gaskiya ne, bayanin da aka ɗora masa ne yake da gyara. Ƙasar manyan gonakin Chablis cakuɗe ce ta yumɓu da farar ƙasa wadda ta kwanta a ƙarƙashin wata teku marar zurfi kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce, ana kiranta da sunan ƙauyen Kimmeridge da ke kudancin Ingila, kuma ƙananan kawar nan da suka zama dutse suna cikinta birjik. Sai dai saiwa ba ta cin dutse. Abin da take sha shi ne ruwa da sinadaran da suka narke a cikinsa, irin su kalsiyam da fotasiyam, kuma kalsiyam ɗin da ya fito daga ɓawon kawa ba shi da bambanci da wanda ya fito daga buhun taki. Abin da yake kaiwa cikin giya daga waɗannan kaɗan ne ƙwarai, kuma ba su da ƙanshi. Alex Maltman, masanin duwatsu na jami'ar Aberystwyth, ya yi rubutu mai yawa a kan wannan. Ƙanshin da ake kira na ƙyastu ko na ashanar da aka ƙyasta an fi danganta shi da wasu sinadarai masu farar wuta da suke samuwa lokacin tsimuwa, musamman idan aka hana iska shiga, shi ya sa ake jin sa a giyar Tasmania da ta kwarin Yarra a ƙasar Ostireliya, inda babu kawar Chablis.

Wannan ba ya nufin ƙasa ba ta da aiki. Aikinta ta hanyar ruwa da zafi take yin sa. Yumɓu yana riƙe danshi har lokacin fari, farar ƙasa tana barin rarar ruwa ta tsiyaye, kuringa kuma ta sami abin da zai ishe ta ba tare da ta yi ganye fiye da kima ba. Ki duba taswirar Chablis da kyau za ki ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Gonakin da suka fi daraja, wato Grand Cru guda bakwai, Les Clos da Vaudésir da Valmur da Grenouilles da Blanchot da Bougros da Preuses, duk a kan gangare ɗaya suke, kimanin hekta 100, a hannun dama na kogin Serein, suna fuskantar kudu maso yamma inda ranar la'asar take dukansu. Petit Chablis kuwa, mai ƙaramin matsayi, mafi yawansa a saman tudu yake inda iska take kaɗawa. Ke nan a yanki mai sanyi, wurin da ya fi ɗumi shi ne ya fi tsada, yadda a yanki mai zafi ake rububin wurin da ya fi sanyi.

Ɗan Jos a Cape Town ya sake rubutawa

Ban ja da Malam a kan kimiyyar ba, amma ba zan daina amfani da kalmar dutse a wurin aiki ba, domin abin da harshe yake ji yana nan ko da sunan da aka sa masa aro ne. Idan na ce wa baƙo wannan giya tana da dutse a cikinta, ya gane cewa ba 'ya'yan itace ne za su fara tarbarsa ba.

Ƙanwata, tunda kina Dijon, ki riƙe cewa Bourgogne kanta ba baki ɗaya take magana ba. Chablis ta fi kusa da kudancin Champagne fiye da garin Beaune, cibiyar giyar Bourgogne. Idan aka gangaro ƙauyukan Meursault da Puligny-Montrachet da Chassagne-Montrachet, zafi ya ɗan ƙaru kuma kusan kowa da ganga yake aiki, sai giyar ta fi faɗi a baki, tuffar ta koma nunanniya, a sami ɗan ƙanshin soyayyar gujiya, amma tsamin yana nan riƙe da ita. A Mâcon da ke can kudu, inda ƙauyen da ake kira Chardonnay yake, ta fi laushi da saukin sha. A nan wajenmu abin da ya fi kusa da wannan hali shi ne na Elgin, kwarin da aka fi sani da noman tuffa, da na Hemel-en-Aarde kusa da garin Hermanus, inda iskar teku take sa girbi ya yi jinkiri idan aka kwatanta da Stellenbosch.

Ga kuma abin da zai amfane ki a kan tebur. Kuskuren da aka fi yi wa irin wannan giya shi ne a nutsa kwalbar a bokitin ƙanƙara har ta yi sanyi ƙarara, sai ƙanshin ya ɓuya a bar baƙo da tsami kawai. Tsakanin digiri 10 da 13 ya wadatar, mai ganga ta fi son gefen sama. Chablis da ɗanyen kawa ko gasasshen kifi ake ba da ita, Meursault kuma da kaza mai romon madara ko kifin da aka dafa da man shanu. Abinci mai barkono da yawa ba ya tafiya da wadda ta sha sabuwar ganga, domin yajin yana fito da ɗacin katakon.

Malamin Gona ya sake rubutawa

Akwai farashin da manomi yake biya kafin a sami wannan tsami, kuma ya kamata ya shiga amsarki. Chardonnay yana cikin irin da suke saurin toho, don haka idan watan Maris ya zo da ɗumi kuringa ta farka, sannan Afrilu ya dawo da daren da zafi zai sauka ƙasa da sifili da digiri biyu ko uku, tohon yakan ƙone, amfanin shekarar ya ragu tun ba a je ko'ina ba. Haka ta faru a farkon Afrilun 2021 a kusan dukan Faransa, Chablis kuma tana cikin wuraren da suka fi jin jiki. Manoma suna jera manyan kyandirori a gwangwani tsakanin kunyoyi su kwana suna kunnawa, wasu kuma su riƙa fesa ruwa a kan kuringa har gari ya waye. Wannan na biyun yakan ba mutane mamaki, amma dalilinsa a fili yake: ruwa idan yana daskarewa yana sakin ɗan zafi, don haka muddin ba a tsayar da feshin ba, tohon da ƙanƙara ta lulluɓe yana tsayawa a kusa da sifili maimakon ya bi iska ya yi ƙasa.

Sanyin kansa kuma yana ja da baya. Garin Beaune yana da tarihin ranakun girbin inabi tun daga shekarar 1354, kuma binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa daga 1988 zuwa 2018 an riƙa fara girbi da wuri da kusan kwana 13 idan aka kwatanta da ƙarnonin da suka gabata. A 2003 a watan Agusta aka yi girbi a Bourgogne, giyar shekarar kuma ta fito da ƙarancin tsami. Ɗumin ya rage shekarun da inabi yake ƙin nuna, amma ya ƙara haɗarin tohon wuri, shi ya sa wasu manoma suke jinkirta sassabe rassan kuringa har ƙarshen hunturu don su riƙe tohon na 'yan kwanaki. Wasu kuma arewa suka nufa. A 2015 gidan Taittinger na Champagne ya sayi fili a Kent da ke kudancin Ingila, inda ƙasar take da alli irin na gida, kuma Chardonnay yana cikin inabin da suka dasa a can.